Jarkar Ruwa a Kujerar Gefen Direba

Da aka miƙo mini makullin motar a Marakesh ta ƙasar Maroko, abin da na fara yi shi ne na ɗora jarkar ruwa mai lita 20 a kujerar gefen direba, na ja bel na ɗaure ta don kada ta kife a kwana. Kwana tara na yi a hanya, tana zaune a inda mutum ya kamata ya zauna. Duk kwanar da na sha sai in ji ruwan ya karkata ya bugi jikin robar ya dawo. Har yau in na tuna tafiyar, wannan sautin ne ke riga tsauni da rairayi zuwa zuciyata.

Motar ƙaramar bas ce fara, ta kwana biyu. An cire kujerun baya, an kafa katako, an shimfiɗa katifa. A ƙarƙashin gadon akwai wata jarkar, da shebur, da jak, da safaya, da famfon iska irin wanda ake takawa da ƙafa. Injin dizal, giyar hannu, tayoyin gaba ne ke jan ta.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya fi shekara talatin yana tuƙa babbar mota. Ban gaje shi ba, aikin tebur nake yi. Tun ina ƙarami yake cewa mota tana magana, direba ne ba ya saurare. Bayan rasuwarsa abin ya tsaya mini a rai: in ɗauki doguwar hanya ni kaɗai, ba rediyo ba hira, in ga ko kunnena zai kama abin da nasa ke kamawa. Yayata ba ta so ba ko kaɗan. Da ta ga na kafe, sai ta ce, "To auta, sharaɗi ɗaya. Kullum da magariba ka aiko mini da inda kake. Ranar da ban ji ka ba zan tayar da hankalin kowa." Na ce, "Na ji, Yaya."

Daga Marakesh zuwa Warzazat kusan kilomita 200 ne a hanyar N9, sai dai tsaunukan Atlas ne tsakani. Marakesh ba ta kai mita 500 sama da teku ba, allon da ke mashigar Tizi n'Tishka kuwa mita 2,260 ya rubuta. Sojojin Faransa ne suka fasa hanyar a 1936, kuma ko da yake an faɗaɗa ta sosai a shekarun nan, kwana tana nan bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan.

Na wuce rabin hawa sai motar ta fara nauyi. Ina taka totur tana amsawa da ƙyar, ga baƙin hayaƙi a madubi. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, ranar farko inji ya ba ni kunya. Sai da na natsu na gane lafiyarta ƙalau, numfashi ne ya yi mata wuya. A wannan tsayi iskar da inji ke shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, tsohon inji irin wannan kuma ba shi da na'urar da ke cusa masa iska da ƙarfi. Mai yana zuwa yadda ya saba, iskar da za ta ƙone shi ce ta kasa, shi ya sa ragowar ke fita baƙi. Na koma giya ta biyu na bar ta ta yi kukanta. Da allurar zafi ta fara ɗagawa, na buɗe tagogi na kunna hita har ƙarshe, domin hita daga ruwan injin take ɗibar zafinta, tana rage wa lagireto aiki. Ƙafafuna suka gasu, amma allurar ta tsaya cak, daga baya ta ɗan sauka.

A sama iska ce mai yanka fuska. Kowace mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6, ga shi watan Nuwamba. Na fito da riga ɗaya, ban yi minti biyar ba na koma mota ina hura hannu. Can yamma, a cikin jerin tsaunukan nan, akwai Tubkal mai mita 4,167, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Arewacin Afirka. Ban tsaya neman sa da ido ba, murna nake yi na gama da abin da nake tsoro.

Ashe gangara ce ke jirana. Na saki jiki, na bar motar a giya ta uku, wani lokaci ta huɗu, ƙafata a kan birki tana ɗan dannawa ba ɗagawa. Motar da nauyinta, ga katako ga ruwa lita 40. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Na dai fara jin wani ƙauri, kamar tsumma ya kama wuta, na ɗauka daga wata motar da ta wuce ne. A kwana ta gaba na taka birki sai na ji ya yi laushi, ya nutse fiye da yadda ya saba kafin ya kama. Allah ya taimake ni akwai wani fili mai tsakuwa a gefe. Na sauke giya, na ja birkin hannu a hankali, na samu ta tsaya.

Da na tsuguna kusa da tayar gaba, zafin da ke fitowa ya bugi fuskata kamar na leƙa maƙera. Na jiƙa yatsa na yarfa ɗigo ɗaya a kan ƙarfen, ya yi "cuu" ya ɓace. Birki ba ya kashe gudu sai ya mayar da shi zafi. In ka ɗora masa nauyin mota na tsawon kilomitoci, zafin kan fi ƙarfin abin da iska ke kwashewa, takalmin birkin ya daina kamu, man birkin kuma, musamman tsoho wanda ya sha danshi, ya tafasa ya yi kumfa. Kumfa kuwa tana matsuwa, shi ya sa ƙafa ke nutsewa. Ba a watsa masa ruwa, ƙarfen na iya lanƙwashewa ko ya tsage. Jira kawai ake yi. Na zauna a kan dutse minti arba'in, hannuna na rawa, sai maganar Baba ta dawo mini tiryan-tiryan: giyar da ta hau da kai, ita za ta sauko da kai. Na ji ta sau ba adadi ina yaro. Ranar da nake buƙatarta sai da ƙarfe ya yi ƙauri ta zo.

A kan dutsen nan na fahimci ainihin abin da mutum ke rasawa in ya fita shi kaɗai. Kafin in taso, kaɗaici nake tsammani, wato rashin abokin hira. Amma abokin tafiya hanci ne na biyu. Da akwai mutum a kujerar nan, da tun kafin birki ya yi laushi ya ce, "Kai, ba ka jin wani wari?" Da ya ga na fara sakaci ya ce in rage. Jarka ba ta cewa komai.

Kwanaki uku da suka biyo baya sun tafi lafiya. Na tsaya a Ait Bin Haddu, tsohon garin ginin ƙasa da ke kan hanyar ayarin da ke haɗa Sahara da Marakesh, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1987. Kusa da Warzazat na hango hasumiyar tashar lantarki ta Nur, madubai dubbai na tara mata hasken rana, kanta na ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kai. Na bi kwarin Dades, na shiga kwazazzabon Todga, inda bangon dutse ya haura mita 150 ta kowane gefe, tsakaninsu kuwa a wani wurin bai fi mita 10 ba. Kwana a mota na koya a hankali: a nemi wuri shimfiɗaɗɗe tun da sauran rana, a juya hancin mota ya kalli mafita, a bar ɗan tsagi a taga ko da sanyi, in ba haka ba numfashinka zai zama raɓa a rufi ya ɗigo maka da asuba.

A bayan Todga ne wata dattijuwa ta tashe ni daga wurin kwana. Na sami wani fili mai laushin tsakuwa, a kwance sumul, ba iska, na ji daɗi na faka. Tana koro awakinta gida ta tsaya ta dube ni, ta dubi motar. Yarenta na Amazig ne, ɗan Larabcin da nake ji bai yi aiki ba. Sai ta kama hannun rigata ta ja ni gindin wata bishiya a bakin filin, ta nuna sama da sandarta. A reshe, sama da kaina, ga busasshiyar ciyawa da karare da wani yagaggen buhu sun nannaɗe, duk sun kwanta gefe ɗaya. Ta juya ta nuna tsaunukan da ke arewa, ta yi alamar abu na gangarowa da hannu. A tsakiyar busasshen kogi na faka. Ruwan da ya rataye buhun nan a reshe ba dole ya sauka a inda nake ba, yana iya zuba a tsauni mai nisa, sama na nan garau a kaina, ya iso cikin dare da duwatsu a gabansa. Ƙasar wurin ba ta shan ruwa da sauri, duk abin da ya zubo gudu yake yi. A Satumbar 2024 irin wannan ruwa ya sauka a kudu maso gabashin Maroko, ya ci rayuka, har tafkin Iriki da ya daɗe a bushe ya cika. Na ce mata, "Shukran, Lalla," na mayar da motar kan tudu. Ba ta tafi ba sai da ta ga na kashe inji.

Daga garin Tingir, kusa da Todga, zuwa gabas ƙasa ta buɗe. Mutane da yawa in an ce Sahara rairayi suke gani, alhali a cikin faɗinta na kusan murabba'in kilomita miliyan 9, yashi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran dutse ne da tsakuwa, baƙi-baƙi, shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Wannan hanyar ta fi tsauni gajiyar da ni. A tsauni tsoro na riƙe maka ido, a nan kuwa kwalta ce miƙaƙƙiya, kukan inji ba ya canzawa, kawalwalniya na rawa a gaba kamar an yi ɓarin ruwa. Sau biyu na farga ban san yadda kilomitocin baya suka wuce ba. Na kafa wa kaina doka: duk awa ɗaya in tsaya, in zagaya motar, in taɓa kowace taya, in leƙa ƙarƙashi ko wani abu na ɗiga, in sha ruwa ko ban ji ƙishi ba. A busasshiyar iska gumi na bushewa kafin ka gan shi, ba za ka san kana zubar da ruwa ba sai kai ya fara sarawa.

Kafin Erfud na ga wasu tulin ƙasa a jere kamar shuri, layi bayan layi. Bakunan rijiyoyi ne na tsarin da suke kira khattara: rami ne a ƙarƙashin ƙasa, mai ɗan gangare kaɗan, da ke jawo ruwa daga gindin tsauni zuwa gonakin dabino ba tare da inji ba, rijiyoyin kuma ta nan aka fitar da ƙasa, ta nan ake shiga yasa. Da yawansu sun ƙafe yanzu, fari da injinan ban ruwa sun ja ruwan ƙasa ya yi nisa. A Risani na tsaya a kufan Sijilmasa, birnin da aka kafa a ƙarni na 8, inda ayarin gishiri da zinariya ke tashi da sauka. Daga nan Ibn Battuta ya tashi a 1352 zuwa Mali, kwana 25 kafin su kai ma'adinan gishirin Tagaza. Abin da ya rage na Sijilmasa 'yan guntayen bango ne. Na tsaya ina tunanin cewa a duk ƙarnukan nan ba mai hankalin da ke shiga hamadar shi kaɗai, sai da ayari, da madugu, da ɗan jagoran da ya san rijiyoyi. Na yi tunanin, na koma mota, na yi abin da ya saɓa masa kafin rana ta faɗi.

Tuddan rairayin Erg Shebbi, kusa da Marzuga, tsawonsu bai kai kilomita 30 ba, amma wasu sun kai mita 150 a tsaye. Da la'asar sakaliya na hango su, jajaye kamar garwashi. Kwana biyar ina tuƙi don su. Na ga wata hanyar tsakuwa ta rabu da kwalta ta nufe su, da sawun motoci a kai, na ce bari in matsa in kwana a gindinsu. Na bi ta kilomita da dama lafiya. Sai sawun ya shiga wani ɗan kwari mai farin yashi, bai fi taku hamsin ba, tsakuwa ta ci gaba a ɗaya gefen. Wani abu a raina ya ce sauka ka taka da ƙafa tukuna. Rana na faɗuwa, ina son in isa da sauran haske. Ban sauka ba.

A tsakiya motar ta yi sanyi, ta tsaya. Na taka totur. Tayoyin gaba suka juya suka watso yashi a gilas. Na sa ribas na sake takawa. Da na fito, tayoyin sun haƙa wa kansu rami, cikin motar ya zauna daram a kan yashi. Sawun da na biyo na motocin da ƙafa huɗu ke ja ne, tawa biyu ke ja, ga iska cike a tayoyi kamar dutse.

Na yi haƙa har duhu, ina kwashewa yashi na komawa. Waya ba sabis a kwarin. Na hau wani tudun rairayi da hannu da gwiwa, a can sama layi ɗaya ya bayyana, na tura wa Yaya inda nake da abin da ya faru. Na gaya mata ina hango wasu fitilu can nesa, ina tunanin in taka in nemo taimako. Amsarta ta shigo kafin in sauka: "Auta, kada ka kuskura ka bar jikin motar nan cikin dare. Kana da ruwa, kana da bargo. Na san inda kake. Ka kwanta." Gaskiya ta faɗa. A fili irin wannan fitilar da ka ɗauka kusa take tana iya zama tafiyar awa uku, kuma mota ta fi mutum sauƙin gani ga mai nema, ita ce inuwarka da rana, ita ce ɗakinka da dare.

Ban yi barcin kirki ba. Yashi ba ya riƙe zafi, iska mara danshi ma haka, rana na faɗuwa sanyi ya sauko. Na naɗe da bargo na zauna a bakin ƙofa. Shirun ya kai ina jin ƙarfen inji na ƙas-ƙas yana hucewa, da ya daina sai bugun jinina a kunne. Kaza Mai 'Ya'ya ta fito ta gabas ta hau har tsakiyar sama, taurarinta a rarrabe, ban taɓa ganin su haka ba. Na yi wa Baba addu'a. Na yi kuka ma, irin wanda ban samu na yi ba ranar da aka kai shi, lokacin ina ta karɓar gaisuwa.

Gari na wayewa na hango mutum a ƙafa, dattijo siriri, fuska a naɗe, da igiya a hannu. Raƙuminsa ne ya ɓalle yake bin sawu. Na yi masa sallama, na ce, "Sidi, na maƙale." Bai tanka ba. Ya zagaya motar, ya wuce gaba yana danna yashi da diddige, taku bayan taku, har ya kai tsakuwa, ya dawo ta wani layin daban, ɗan hagu kaɗan. Sannan ya tsuguna gaban taya, ya tsinci tsinke, ya danna bakin bawul. Iska ta fara fita. Na ce, "Sidi, ai tayar za ta kwanta." Ya ce, "Ita ake so, ɗana."

Na sa ma'auni ina dubawa: daga 55 sai da ya sauke su wajen 20, duka huɗun. Tayar da aka rage wa iska tafinta na tsawo a ƙasa, nauyin ya bazu, ta hau kan yashi maimakon ta yanka shi, kamar dai tafin raƙumi. Muka kwashe yashin da ke ƙarƙashin cikin motar har haske ya ratsa, muka fasa gaban kowace taya ya zama gangare mai sauƙi, muka cusa shimfiɗun robar da ake taka ƙafa a kai. Ya nuna mini yashin da hannu, sanyi ne da ɗan danshin raɓa, ya fi na jiya da yamma riƙo nesa ba kusa ba. Ya ce in miƙe sitiyari, in sa giya ta biyu, in saki kuloci kamar mai ajiye ƙwai, in ta motsa kuma kada in tsaya sai na ji tsakuwa. Motar ta yi rawa, ta ɗaga, ta tafi a kan layin da diddigensa ya zana. Na ji ƙarar tsakuwa a ƙarƙashina na tsaya, na kifa goshi a sitiyari.

Mayar da iska da famfon ƙafa ya ci fiye da awa guda. Ya zauna a inuwar motar yana kallo. Da na gama na kwance jarkar na zuba masa ruwa ya sha, ya wanke fuska. Ya ce raƙumin ya nufi wajen ƙauye, in ina komawa kwalta in rage masa hanya. Na mayar da jarkar baya, ya hau kujerar.

Tafiyar ba ta fi ta minti ashirin ba, kuma ita kaɗai ce a kwana taran da mutum ya zauna a gefena. Bai yi hira ba. Yatsu biyu ya ɗora a kan gwiwa, in ya karkata su dama in bi dama, in ya kwantar da tafin hannu in rage gudu. Sau ɗaya ya ɗaga hannu gaba ɗaya, na tsaya, ya sauka ya taka wani wuri da ni ban ga bambancinsa da sauran ba, ya dawo ya nuna mu zagaye. A bakin kwalta ya sauka, ya dafa ƙofa ya yi mini addu'ar sauka lafiya, ya saɓa igiyarsa ya nufi wasu bishiyoyi.

Na kira Yaya. Ta daɗe ba ta ce komai ba, ina jin numfashinta, sannan ta ce, "Ka sha ruwa?" Na ce na sha.

Kwana uku bayan nan na sake hawa Tishka daga kudu. A sama na tsaya na duba man birki, na taɓa tayoyi, na sa giya ta biyu tun kafin hancin motar ya sunkuya. Inji na ta kuka, ƙananan motoci na taruwa a bayana, duk inda fili ya samu sai in raɓe in ba su hanya. Birki sai gab da kwana nake taka shi da ƙarfi, in sake. Na bar taga a buɗe duk da sanyin don hancina ya yi aiki. Jarkar na nan a ɗaure a kujerarta, ruwan ya kusa ƙarewa, da yashi ja a cikin zaren murfinta.